Daga Indararo Zuwa Rafi: Yadda Za Ka Gano Ɓarnar Ruwan Kwata, Ka Kuma Rage Ta

Rafin da ya ratsa gefen sabuwar unguwa ba ya mutuwa rana ɗaya. A shekarar da aka yanka filaye aka fara gini, ruwansa ne kawai zai riƙa yin ja duk sanda aka yi ruwan sama. Bayan an zuba kwalta an haɗa magudanai, sai a ga yana tumbatsa cikin 'yan mintuna, kafin wani ɗan lokaci kuma ya janye kamar ba a yi ba. Gaɓarsa ta fara zubewa, saiwoyin itatuwa su fito fili. Can wata rana wani ya tsaya a kan gada ya ce, "Wai ina kifayen nan da muke gani a nan?" Kuma babu masana'anta a kusa, babu wanda aka kama yana juye guba.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Abin da ya sauya shi ne hanyar da ruwan sama ke bi ya isa rafin. A da sai ya nutse cikin ƙasa, ya ɗauki kwanaki ko makonni yana tsatsafowa a hankali, a tace, da sanyinsa. Yanzu daga rufi sai indararo, sai kwata, sai bututu, sai rafi. Wannan jagorar ta mai gida ce, da kwamitin unguwa, da duk mai son ya gane abin da ke faruwa ya kuma sa hannu. Ginshiƙinta ɗaya ne: bututun da ya haɗa daɓe da rafi kai tsaye shi ne tushen cutar, kuma aikinmu shi ne mu sa ƙasa a tsakaninsu.

Mataki na farko: bi ruwan da ƙafarka

Kada ka fara da sayen komai. Jira ranar da ake ruwa matsakaici, ka ɗauki lema ka fita. Fara daga indararon gidanka. Ina ruwan yake zuba? A kan siminti ko a kan ƙasa? Daga nan ina ya nufa? Bi shi zuwa bakin titi, zuwa ramin da yake shigewa, ka ci gaba da bin gangare har ka iske bakin bututun ko kwalbatin da ke amayar da shi cikin rafi. Tsaya daga sama ka kalla. Kada ka shiga rafi ko kwalbati ana ruwa, domin a irin wannan wuri ruwan da ke idon sawu yana iya kaiwa ƙugu kafin ka juya.

A bakin bututun za ka ga abin da ba a gani daga gida. Ruwan farko ya fi kowane duhu, yana ɗauke da ƙurar da ta taru a titi tun ruwan baya, da kumfa, da wannan ƙyalli mai launin bakan gizo na mai. Ƙarƙashin bakin bututun yawanci akwai rami da ruwan ya haƙa da ƙarfinsa.

Mutane da yawa suna zaton ruwan da ya shiga ramin bakin titi ana kai shi wurin tacewa. A mafi yawan sabbin unguwanni ba haka ba ne: magudanar ruwan sama daban take da ta ƙazanta, kuma tana zuba ne a rafi kamar yadda ta kwaso. A tsoffin sassan wasu birane an haɗa biyun a bututu ɗaya, wanda shi ma da tasa matsalar, don idan ruwa ya yi yawa sai bututun ya cika ya tunkuɗo ƙazantar bayan gida cikin rafin. Ka nemi taswirar magudanai a wurin hukumar da ke kula da su, ka san da wanne kake.

Sai ka sake komawa bakin bututun bayan kwana uku ba a yi ruwa ba. Kamata ya yi a same shi a bushe ko yana ɗigo kaɗan. Idan yana kwararo ruwa mai wari ko mai kumfar sabulu, wani ya jona bututun wanka ko na bayan gida da magudanar ruwan sama. Wannan a kai shi ga hukuma tun kafin komai, don babu lambun da zai gyara shi.

Mataki na biyu: ƙidaya daɓen da ke zuba a rafin

Lissafin mai sauƙi ne. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Gidan da rufinsa da daɓen tsakar gidansa suka kai murabba'in mita 200, idan aka yi ruwan milimita 25, ya zubar da lita 5,000. Gidaje 300 irinsa sun zubar da lita miliyan ɗaya da rabi, ba a ma sa tituna da wuraren ajiye motoci ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Alƙaluman da Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta daɗe tana amfani da su sun nuna girman sauyin. A filin da ba a taɓa ba, kusan kashi 10 cikin 100 na ruwan sama ne ke malala a saman ƙasa, rabi ya nutse, saura ya koma sama ta hanyar tururi da ganyen tsirrai. Inda aka rufe kashi 75 zuwa sama da gini da kwalta, mai malala ya kai kashi 55, mai nutsewa ya ragu zuwa kashi 15. A shekarar 1994 Tom Schueler ya tattara binciken da aka yi a kan rafuka da dama ya fito da ma'aunin da har yau ake komawa gare shi: da zarar daɓe ya kai kusan kashi 10 na ƙasar da ke zuba a rafi, lafiyarsa ta fara taɓuwa, idan ya haura kashi 25 kuwa lalacewar ta yi tsanani. Unguwa mai matsakaicin cunkoso takan wuce kashi 25 ba tare da kowa ya lura ba.

Buɗe hoton tauraron ɗan'adam na yankin a wayarka, ka zana iyakar ƙasar da gangarenta ke kallon rafin, ka ƙiyasta rabon rufi da titi da daɓe. Amma kada ka tsaya nan. Masu bincike a Melbon ta Ostireliya, ƙarƙashin jagorancin Chris Walsh, sun nuna cewa abin da ya fi hasashen lafiyar rafi shi ne yawan daɓen da ke jone da shi ta bututu, fiye da jimillar daɓen gaba ɗaya. Rufi biyu masu girma ɗaya, ɗaya na zuba a kwata, ɗaya na zuba a ciyawa, a wurin rafi ba ɗaya ba ne. Wannan labari ne mai daɗi, tunda ba za a rushe gidaje ba, amma ana iya cire su daga bututu. Don haka a taswirarka ka yi wa daɓen da ke jone launi daban. Shi ne abokin faɗanka.

Mataki na uku: karanta rafin kansa

A nan ya kamata a ɓata lokaci. Zaɓi wuri biyu, ɗaya sama da bakin bututu na farko, ɗaya ƙasa da unguwar, ka riƙa kwatanta su.

Fara da siffarsa. Rafi mai lafiya yana lanƙwasa, yana da gurbi mai zurfi inda ruwa ke kwanciya, da wuri mara zurfi inda yake tsalle a kan tsakuwa. Wanda ruwan kwata ya addaba yakan yi zurfi da faɗi fiye da ruwan da ke cikinsa, gaɓarsa a tsaye kamar an yanka da wuƙa. Dalili kuwa, ambaliyar da a da ke cika shi baki da baki sau ɗaya a shekara ko shekara biyu, yanzu tana zuwa sau da yawa a damina ɗaya. Ruwan yayyafi da a da ko motsa rafin ba ya yi, yanzu yana zuwa da ƙarfin da zai kwashe ƙwan kifi da ƙananan halittu. A ganina wannan shi ne abin da aka fi kuskuren fahimta. Hankalin kowa na kan babbar ambaliyar da ke shiga gidaje, alhali abin da ke ƙarar da rayuwar rafi shi ne ƙananan ruwan da ke dukansa kowane mako. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Da rani kuma abin ya juya. Ruwan da bai nutse ba da damina babu shi a ƙarƙashin ƙasa da zai ciyar da rafin, sai ya tsinke ya zama 'yan kududdufai masu ɗumi.

Sai zafi. Kwaltar da ta sha rana tana ɗumama ruwan da ya zuba a kanta, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin sosai. A digiri 20 lita ɗaya na iya riƙe kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa kusan 7 da rabi. Yawancin kifaye suna shiga wahala idan ta sauka ƙasa da 5, ƙasa da 2 kuma mutuwa ce ko gudu. Sa ma'aunin zafi a wuraren nan biyu, kafin ruwa da bayan ruwa. Idan kana da kayan gwajin oksijin, yi gwajin da asuba. Gansakuka tana fitar da oksijin da rana, da dare kuma ita ma shaƙa take yi, shi ya sa rafin da ya yi kore shar zai ba ka sakamako mai kyau da azahar, kifayensa kuma su wayi gari suna haki a saman ruwa.

Yanzu shiga wuri mara zurfi, ranar da ba hadari, ka ɗaga dutse kamar girman dunƙulen hannu. Duba abu biyu. Na farko, ya fito da sauƙi ko sai da ka ɓamɓaro shi daga laka? Ramukan da ke tsakanin tsakuwa su ne gidajen ƙwarin ruwa, nan kuma kifaye da yawa ke zuba ƙwai. Idan laka ta cike su, iska ba ta ratsawa, ƙwan ya shaƙe. Na biyu, juya dutsen ka ƙura masa ido na ɗan lokaci. Da farko ba za ka ga komai ba. Sai wani abu shimfiɗaɗɗe, bai kai tsawon farce ba, ya ruga ya koma gefen da ke da inuwa. In ka sa shi a farin faranti da ɗan ruwa za ka ga jela uku sirara kamar gashi, da wasu 'yan fukafukai a gefen cikinsa suna kaɗawa ba tsayawa, da su yake numfashi. Akwai ɗan'uwansa mai jela biyu. Akwai kuma wani mai ban sha'awa da ke manna ƙwayoyin yashi ko guntayen tsinke ya gina wa kansa ɗan bututu, ya shige ciki, kai da ƙafafu kawai ke leƙowa. Masana na haɗa waɗannan dangi uku da haruffan EPT, wato haruffan farko na sunayensu na kimiyya, kuma su ne farkon ɓacewa idan ruwa ya ɓaci.

Don ka tara su da yawa, kafa raga mai ƙananan ido a ƙasa da kai, ka burkuta tsakuwar da ƙafa na minti ɗaya, ruwa ya kwaso su cikin ragar. Juye a faranti, ka ƙirga iri nawa ne, ka mayar da su. Yawan iri ake nema. Idan farantin sama ya ba ka iri goma, na ƙasa kuma cike yake da jajayen tsutsotsi da matsattsaku da dodon koɗi kaɗai, ka samu amsarka. Gwajin ruwa a kwalba yana gaya maka halin da ake ciki a wannan sa'ar ne kawai, su kuwa ƙwarin nan wata da watanni suke zaune a wurin, duk abin da ya wuce da tsakar dare a jikinsu ya wuce. Su ne kuma abincin kifi, da kwaɗi, da tsuntsayen bakin ruwa.

Mataki na huɗu: rage abin da ruwan zai kwasa

Laka ita ce kan gaba wajen yawa, kuma mafi yawanta daga filayen gini da gaɓar da ke zubewa take. Taki na biye. Sinadaran nitirojin da fosfaras da ke sa ciyawar ƙofar gida kore su ne ke sa gansakuka ta rufe rafi. Kada a zuba taki ana sa ran ruwa, wanda ya zube a kan daɓe a share shi a mayar cikin ƙasa. Ciyawar da aka yanke da busasshen ganye ma taki ne, idan aka tura su kwata ruɓewarsu na cinye oksijin. Kashin kare da na sauran dabbobin gida a kwashe. Mota a wanke ta a kan ciyawa ko tsakuwa. Baƙin mai da ragowar fenti da maganin ƙwari ba su da hurumi a kwata ko kaɗan. A ƙasashe masu dusar ƙanƙara akwai ƙarin gishirin da ake watsawa a titi, wanda ba ya tacewa ba ya ruɓewa. A Amurka ma'aunin da aka sa wa halittun ruwa shi ne kada sinadarin kulorayid ya daɗe sama da miligiram 230 a lita.

Akwai kuma abin da tsaftar mai gida ba ta isa ta hana ba, wato abin da mota ke zubarwa tana tafiya. Birki na zubar da garin tagulla, wadda ko kaɗan ce tana dakushe jin ƙanshin kifi, ya kasa gane maƙiyi ya matso. Shi ya sa a 2010 jihohin Washinton da Kalifoniya suka yi dokar rage tagulla a birki. Labarin taya ya fi wannan. Shekara da shekaru a rafukan birnin Siyatil na Amurka ana ganin kifin salmon nau'in koho ya dawo daga teku don zuba ƙwai, da an yi ruwa sai ya fara juyi a saman ruwa yana buɗe baki, cikin sa'o'i ya mutu da ƙwansa a ciki. An yi ta neman dalili. Sai a Disambar 2020 masu bincike na Jami'ar Washinton suka bayyana shi: wani sinadari mai suna 6PPD da ake sa wa taya don kada ta tsattsage. Idan garin taya ya haɗu da iskar ozon sai ya rikiɗe ya zama wani abu da ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na giram ɗinsa a lita ya isa ya kashe wannan kifi. Abin da ya shafe mu a labarin shi ne, tun kafin a san sunan gubar an gwada tace ruwan titin ta cikin cakuɗen yashi da takin gargajiya, kifayen da aka sa a ruwan da aka tace kuma suka rayu. Ƙasa ta yi maganin abin da ba a ma san shi ba tukuna.

Mataki na biyar: cire gidanka daga bututu

Mafi arha shi ne karkatar da indararo. Maimakon ya zuba a daɓe, ƙara masa bututu ya kai ruwan kan ciyawa ko gindin itace, nesa da bango, a sa 'yan duwatsu inda yake sauka don kada ya haƙa rami. Ka tabbata gangaren ba ya kai shi gidan maƙwabci.

Na biyu tanki. Amfaninsa ga rafi yana ga wofinsa: tankin da ke cike ranar da aka yi ruwa bai tare komai ba. Sai an jona shi da abin da ke shan ruwa kullum, kamar ban ruwan lambu ko ma'ajiyar ruwan bayan gida, ko a bar masa ɗan famfo yana ɗiga cikin ƙasa a hankali. A rufe shi da raga saboda sauro, a kuma kai bututun ambaliyarsa kan ƙasa.

Na uku, wanda ya fi su aiki, shi ne lambun ruwan sama: ɗan kwari mara zurfi da aka shuka, ruwa ya taru a ciki ya nutse. An fara yaɗa shi a gundumar Prince George's ta jihar Merilan a Amurka a wajen 1990. Ga yadda ake yi.

Zaɓi wuri aƙalla mita 3 daga harsashin gini, nesa da rijiya da ramin bayan gida, ba a kan bututun ruwa ko wayar lantarki da aka binne ba. Wurin da ruwa ya saba kwanciya kwana da kwanaki bai dace ba, ko da yake ido can yake fara zuwa. Kwanciyar ruwan shaida ce cewa ƙasar ba ta sha.

Gwada ƙasar. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, cika shi da ruwa ka bari ya shanye, sannan ka sake cikawa. Cikawa ta biyu ake aunawa, tunda busasshiyar ƙasa tana ruɗi. Kafa tsinke ka duba bayan kowace sa'a. Idan ruwan na sauka da aƙalla milimita 12 a sa'a, wurin ya yi. Idan bayan kwana guda yana nan, yumɓu ne, sai dai a canja wuri, ko a sa bututu mai huji a ƙarƙashin lambun ya fitar da ruwan bayan ya tace.

Girman kuwa daga lissafin baya za ka fitar. Manufar ita ce a kama milimita 25 na farko, domin yawancin ruwan da ake yi a shekara bai wuce haka ba, kuma shi ke ɗauke da mafi yawan dauɗa. A ce ɓangaren rufin da zai zuba a lambun murabba'in mita 60 ne. Lita 1,500 ke nan. Idan zurfin kwarin santimita 15 ne, kana buƙatar murabba'in mita 10, misali mita 4 a tsaye, 2 da rabi a kwance. Ƙasa mai yashi za ta ɗauka da ƙasa da haka.

Haƙa, ka daidaita ƙasan ya zama shimfiɗe don ruwa ya bazu ko'ina. Kada a tattake shi, kada a bar mota ko injin haƙa ya hau, domin dannanniyar ƙasa da siminti kusan ɗaya suke. A sassauta ƙasan, a cakuɗa da yashi da ɗan takin gargajiya. Na ce ɗan, saboda idan ya yi yawa lambun da kansa zai riƙa zubar da fosfaras, an gudu ba a tsira ba. Ƙasar da aka haƙo a yi ɗan tudu da ita a gefen gangare, a bar wata 'yar ƙofa da aka jera wa duwatsu, ta inda rarar ruwa za ta fita ranar babban ruwa. Wannan ƙofar ita aka fi mantawa, kuma in babu ita ruwan da kansa zai zaɓi hanya.

Shuka tsirran da asalinsu na yankin ne, masu dogon saiwa, waɗanda ke jure jiƙa na kwana biyu da fari na makonni. Saiwar ce ke buɗe wa ruwa hanya shekara bayan shekara. Maganar sauro kuwa, wadda ita ce tambayar farko da maƙwabci zai yi: daga ƙwai zuwa mai tashi sauro na buƙatar kusan mako guda a ruwa, lambun da aka yi daidai kuma yana shanyewa cikin sa'a 24 zuwa 48.

In za a sake daɓen tsakar gida ko wurin ajiye mota, a yi da tubalin da ke barin ruwa ya ratsa, ko a bar tsakuwa.

Mataki na shida: abin da sai unguwa ta haɗu

Titi ya fi rufi dauɗa nesa ba kusa ba, kuma ba na mutum ɗaya ba ne. A nan sai da kwamiti da hukuma.

Wasu sabbin unguwanni an yi musu tafkin tare ruwa a can ƙasa. Ku je ku dube shi da idon basira. Busasshen tafki, wanda ke cika ya saki ruwa cikin sa'o'i, an yi shi ne don hana ambaliya. Yana rage tsayin ambaliyar, amma yawan ruwan na nan, sai ma ya tsawaita lokacin da rafi ke gudu da ƙarfin da ke cin gaɓa. Ƙananan ruwa kuwa wucewa suke ta cikinsa kamar babu shi. Tafki mai ruwa kullum ya fi shi kwantar da laka da ƙarafa, sai dai yana shan rana ya saki ruwa mai ɗumi, kuma idan aka shekara da yawa ba a yashe shi ba, lakar ƙasansa na iya sakin fosfaras ɗin da ta tara. Ban ce a cike su ba. Ana iya gyara bakin fitar busasshen tafki ya riƙe ƙananan ruwa, a shuka ƙasansa, a yi wa mai ruwa inuwa da tsirran fadama.

Abin da ya fi tasiri shi ne a tare ruwan titi tun a bakin titi. A yanka ƙofa a dakalin gefen kwalta, ruwa ya shiga kwari mai ciyawa ko jerin ƙananan lambuna. A 2001 birnin Siyatil ya sake gina wani ɗan titin unguwa a haka, aka rage faɗin kwalta, aka jera kwaruruka masu tsirrai a gefe, kuma awon da aka yi bayan nan ya nuna ruwan da ke fita daga titin ya ragu da kusan kashi 99. A Melbon an ɗauki rafi guda, Little Stringybark, aka bi gidaje da tituna ana sa tankuna da lambuna don a ga ko rafin zai farfaɗo. Ƙasar Sin kuma tun 2015 ta fara shirin da ta kira biranen soso a kan wannan tunani.

Gaɓar rafin a bar mata itatuwa da ciyawarta, mita 30 kowane gefe in da hali, in babu ko mita 10 ta fi babu. Inuwa na sanyaya ruwa, saiwa na riƙe gaɓa, ganyen da ke faɗawa abincin ƙwarin nan ne. A daina aske ciyawa har bakin ruwa, a daina kwashe duk gungumen da ya faɗa ciki da sunan tsafta, don ƙarƙashinsa kifi ke fakewa ranar ambaliya. Amma a sani, bututun da ya ratsa ƙarƙashin wannan shingen itatuwa ya zuba a rafi ya tsallake duk amfaninsa. Haka ma gyaran cikin rafi, a jera duwatsu a lanƙwasa shi, alhali ruwan kwata na zuwa yadda yake: an kashe maciji ba a sare kansa ba, damina biyu ta isa ta watsa aikin.

Ku duba kwalbatoci. Idan bakin na ƙasa ya rataye sama da ruwa, kifi ba ya iya hawa, duk abin da ke sama an yanke shi daga sauran rafin. Filayen gini kuma a matsa wa masu su su kafa shingen tare laka, su rufe tarin yashi, su zuba tsakuwa a ƙofar da manyan motoci ke fita. Fili ɗaya da aka ƙwaƙule aka bari a buɗe zai iya cike tsakuwar rafi a damina ɗaya.

Mataki na bakwai: kula da awo

Waɗannan abubuwa ba sa lalacewa da hayaniya, toshewa suke yi shiru. Bayan kowane babban ruwa a duba bakin shigar lambu, a kwashe yashi da leda. Idan ruwa ya fara wuce kwana biyu a ciki, laka ta yi ɓawo a sama, a kankare santimita biyu zuwa uku a sassauta. Daɓe mai shan ruwa a share shi sosai, kada a tara yashi a kansa. Kwamiti ya rubuta sunan wanda ke da alhakin kowane kwari da kowane tafki, da watan da za a duba.

Ga rafin kuma, kafa sanda mai zane a wuri ɗaya da za ka iya hangowa daga gada, ka riƙa rubuta inda ruwa ya kai bayan ruwan sama da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya sauka. Ɗauki hoton gaɓa daga wuri ɗaya sau biyu a shekara. Farantin ƙwari kuwa a maimaita shi a wata ɗaya kowace shekara, a wuraren nan biyu, da raga ɗaya da minti ɗaya, in ba haka ba kwatancen ba zai yi ma'ana ba.

Sandar ce za ta fara nuna sauyi, sai zafin ruwa da tsabtarsa. Ƙwarin suna jinkiri, wani lokaci shekaru, domin sai sun taso daga wani rafi mai lafiya da ke kusa sun zo sun zuba ƙwai. Idan akwai irin wannan reshe a sama da unguwar wanda gini bai kai gare shi ba tukuna, ku sa shi a taswirar da jan alƙalami, ku kai wa masu tsara gari tun kafin a yanka filayensa.